Gano sanadin ciwo da mutuwar kazar gida a garuruwan Hausawan Sudan

Gano sanadin mutuwar kaza shi ne bin diddigin abin da ya kwantar da ita ko ya kashe ta, ta hanyar tambayar mai kiwo, da duban sauran kajin gidan, da buɗe gawar, wani lokaci har da gwajin jini ko nama a ɗakin bincike. A garuruwan da Hausawa suka daɗe da zama a Sudan, irin su Mai Wurno kusa da Sinnar da ƙauyukan Gadarif da Kasala, kajin gida galibi na mata ne da yara. Yawancinsu irin na gargajiya ne da ake kira baladi, da masu wuya ba gashi. Suna yini suna tono a tsakar gida, a watsa musu dawar fatarita da yamma. Kazar da ta mutu ba ta dawowa. Ana binciken ne domin waɗanda suka rage a akurki.

Tambayoyin farko

Likitan dabbobi, wanda a Sudan ake ce wa baiɗari, yakan fara da baki kafin wuƙa. Kaji nawa suka mutu, cikin kwana nawa? Manya ne ko 'yan tsaki? An shigo da sabuwar kaza daga kasuwa? Na maƙwabta fa? Amsoshin nan sukan yi rabin aikin. In kaza ɗaya ce mai ƙwai ta yi ta ramewa tsawon makonni alhali sauran lafiya lau, to matsalar a jikinta take: ƙwai ya maƙale, ko ya fashe a ciki ya ruɓe, ko ƙari ya fito mata. In kuwa goma suka zube cikin kwana uku, kuma ana jin irin kukan nan a gidajen unguwa, annoba ce. In sun mutu tare a yini guda ba tare da wani ciwo ya gabata ba, sai a tuhumi guba ko zafin rana.

Shekaru ma suna magana. Kashin jini, wanda likitoci ke kira koksidiyosis, ya fi kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6, musamman da damina lokacin da ƙasan akurki ke jiƙe. Cutar Gumboro, mai raunana garkuwar jikin 'yan tsaki, ita ma a wannan tsakanin take bugu. Cutar Marek, wadda wani likita ɗan Hangari ya fara bayyanawa a 1907, takan shanye ƙafar sagara, a gan ta kwance ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya.

Annobar da ta fi ɓarna

Babbar mai share akurki a karkarar Afirka ita ce cutar Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Jaba na Indunusiya da kuma garin Ingila da ta samo suna daga gare shi. Ƙwayar bairos ce ke jawo ta, saboda haka maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu yakan ɗauki kwana 2 zuwa 15, galibi biyar ko shida. Shi ya sa kazar da aka sayo tana tsalle a kasuwar Juma'a za ta iya zama ita ce ta kawo ajalin gidan a mako mai zuwa. Kazar da ta kamu takan takure ta saki fukafukai kamar mai sanye da babbar riga, ta yi gudawa koriya, tana numfashi baki buɗe. Wadda ta jure 'yan kwanaki wuyanta kan murɗe, tana kallon sama ko tana zagaye wuri ɗaya. Nau'i mai zafi na iya ƙarar da duk kajin da ba a yi wa rigakafi ba. In an buɗe gawa, akan ga ɗige-ɗigen jini a cikin ƙaramin tumbin da ke gab da ƙundu, da gyambo a hanji.

Inda abin ke da haɗari shi ne murar tsuntsaye tana zuwa da kama iri ɗaya, har ƙwararren likita ba ya raba su da ido. An tabbatar da nau'in H5N1 a Sudan a watan Afirilun 2006, a yankin Khartum da Jazira, wata biyu bayan ɓullarsa a Kaduna. Wannan cuta tana kama mutum. Don haka idan kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi-baƙi, kai ya kumbura, jini ya kwanta a fatar ƙafa, ba a buɗe gawa a gida, ba a fige ta, ba a ba yara su jefar. Ofishin dabbobi ake sanar wa.

Kaskar dare

Akwai cutar da ke da tsohon tarihi a Sudan wadda ake yawan ɗauka Niyukasil ce. Tun wajajen 1907 Andrew Balfour, shugaban ɗakin binciken Wellcome da ke Khartum, ya yi rubutu kan wata ƙwayar cuta mai kamar murɗaɗɗen zare a jinin kajin ƙasar. Yau ana kiranta Borrelia anserina, kuma wata kaska mai laushin jiki, Argas persicus, ita ke yaɗa ta. Babbar kaskar ba ta zama a jikin kaza da rana. Tana ɓuya a tsagewar bangon laka da ƙarƙashin ɓawon itacen da kaji ke kwana a kai, ta fito da dare ta sha jini ta koma, kuma tana iya yin shekaru ba ta ci komai ba. Mai kaji zai duba tsuntsunsa da rana bai ga komai ba. Kazar takan yi zazzaɓi da koriyar gudawa, zankonta ya koɗe, saifarta ta kumbura da dabbare-dabbare. Muhimmancin bambancewar a fili yake: wannan bakteriya ce, tana jin magani, kuma ana iya yanke ta daga tushe ta hanyar yaɓe tsagogi da feshin akurki. Fitila da tsinke bayan sallar isha'i sun isa a gano kaskar.

Zafi, abinci da guba

Zafin jikin kaza mai lafiya yana wajen digiri 41, kuma ba ta gumi. Da haki take fitar da zafi. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafin tsakiyar Sudan ke wuce digiri 40, kaza mai ƙiba da aka kulle ƙarƙashin rufin kwano ba ruwa tana iya mutuwa kafin la'asar. Ƙulin gyaɗa da ake kira umbaz abinci ne mai kyau, amma in ya yi fumfuna yana ɗauke da dafin aflatoksin mai lalata hanta. An gano dafin ne bayan ya kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. Kazar da ta ci tsutsotsin mushe kuwa wuyanta kan saki laƙwas, ba murɗewa irin ta Niyukasil ba. Sai maganin ɓera da hatsin shuka da aka gauraya da maganin ƙwari, waɗanda ake mantawa da su a lungu.

Buɗe gawa

In babu alamar annoba, ana iya buɗe kazar da safar hannu, nesa da madafa da rijiya. Lokaci ne abokin gaba, domin a zafin Sudan kayan ciki sukan fara ruɓewa cikin 'yan sa'o'i. Gawar da za a kai wa likita a naɗe ta a leda a sa a sanyi, amma kada ta daskare, don ƙanƙara tana ɓata naman da za a duba a madubin likita. Ana fara taɓa ƙashin ƙirji: in ya fito kamar wuƙa, ciwon ya daɗe. Sai a duba hanta da saifa da huhu da mahaifar ƙwai, a tsaga hanji tsawonsa. Tsutsar ciki ba ta ɓuya, wata takan kai santimita 10 ko fiye, sai dai ganin 'yan kaɗan ba ya nufin su suka yi kisan, tun da da wuya a samu kazar tono da ba ta da su.

Tabbacin ƙarshe na ɗakin bincike ne. Babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasar yana Soba, kudu da Khartum, amma yaƙin da ya ɓarke a Afirilun 2023 ya dagula ayyukan dabbobi da hanyoyin kai samfuri, ya bar masu kiwo da yawa da idonsu kawai.

Abin da ke ɓatar da sawu

Da zarar kaza ta fara gyangyaɗi, akan yi maza a yanka ta kada ta zama mushe, sauran kuma a kwashe zuwa kasuwa. Uzurin mai yin haka a bayyane yake, domin kazar nan kuɗin sabulu ce da na littafin yaro. Amma kayan cikin da aka watsar wa karnuka da ruwan wankin nama su ne ke kai cutar gidan gaba, kuma shaidar ta tafi tukunya. Haka ma zuba kafso na mutane a ruwan sha yana rufe alamu ba tare da ya warkar da bairos ba. Gawa binne ta ake yi da zurfi ko a ƙone. Sabuwar kaza a ware ta mako biyu. Rigakafin Niyukasil mai jure zafi, irin nau'in I-2, ɗigo ɗaya ne a ido, ana maimaitawa duk wata huɗu, kuma kajin da ke da lafiya ake yi wa, kafin annobar ta shigo unguwa.