Waiwaye: Tun kafin rikicin 2022, gona ta riga ta rasa mai shaida

Tun bayan faɗan ƙabilanci na watan Yuli na 2022 a jihar Nilu Shuɗi ta ƙasar Sudan, maganar ko Hausawa za su samu sarautarsu a cikin idara ahliyya, wato tsarin sarautun gargajiya, ba ta bar bakin mutane ba, daga Damazin har Kassala. Wasu suna magana kamar ranar nan ne abin ya faɗo daga sama.

Farkon labarin sananne ne. Turawan Ingila sun yi mulki ta hannun nazirai (manyan sarakunan ƙabilu), umdoji da shaihunai da ke ƙarƙashinsu, kowace ƙabila da "dar" ɗinta, wato ƙasarta. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 sun kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. A 1951 aka yi dokar majalisun ƙananan hukumomi, a 1971 kuma aka soke idara ahliyya, aka ce majalisun jama'a ne za su maye gurbinta.

Abin da ake tsallakewa shi ne dokar 1970, wadda ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. To, manomi nawa ne a bakin kogi yake da takarda? Mutum ya sare daji, ya yi shekara da shekaru yana noman dawa da riɗi, shaidarsa kawai ita ce shaihun gari da maƙwabta. Shekara guda bayan dokar, shaihun ma ya rasa ikon yanke hukunci. Majalisun da suka zo ba su da kuɗi, kuma ba su san iyakar gonar kowa ba. A daidai lokacin ne manyan gonakin tarakta suke ta faɗaɗa a Gadarif da kewayen Damazin, suna cinye makiyaya da burtali. An sauya dokar a 1984, amma ƙa'idar ta zauna.

Da aka dawo da idara ahliyya daga ƙarshen shekarun 1980, ta tarar da ƙasa ta yi tsada. A lokacin, mu'utamad na mahalliyya, wato shugaban ƙaramar hukuma, naɗa shi ake yi, ba zaɓe ba, don haka ƙuri'a ba ta kai kukan talaka ko'ina. Ƙofar da ta rage ita ce ta sarauta: wanda yake da nazir yana da mai tsaya masa kan gona. Ni ina ganin nan ne neman wakilci ya rikiɗe ya zama tambayar wa ya riga wa zuwa, ko a garuruwan da Bahaushe ya binne kakansa fiye da shekara ɗari da suka wuce.