Waiwaye: Yadda Majalisa Ta Ƙwace Yin Doka Daga Hannun Sarakuna

Mutane da yawa na ɗauka son adalci ne ya haifi majalisa, to gaskiya rigimar kuɗi ce. A 1215 Sarki John na Ingila ya ishi manyan ƙasarsa da haraji saboda yaƙin da yake ta shan kashi a Faransa, suka ritsa shi a wani fili da ake kira Runnymede ya buga hatimi a kan yarjejeniyar da ake kira Magna Carta, ciki har da cewa akwai harajin da ba zai ƙara ɗorawa ba sai da shawararsu. Ba don talaka aka yi ba fa, manya ne ke kare aljihunsu, kuma ko wata uku ba a yi ba Fafaroma ya soke ta, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Sarki Charles na ɗaya na Ingila shi ya fi taurin kai, shekara 11 yana mulki bai kira majalisa ba, a 1642 kuma ya kwaso dakaru ya kutsa zauren da kansa wai zai kama 'yan majalisa biyar, ya tarar sun gudu. A 1649 aka fille masa kai. Har yau ranar buɗe majalisar in ɗan aiken sarki ya zo sai a banko masa ƙofa, sai ya ƙwanƙwasa sau uku kafin a buɗe. A 1689 aka rubuta ƙarara cewa sarki ba ya dakatar da doka ko sa haraji sai da yardar majalisa. Mata kuwa sun daɗe a waje, sai 1893 suka samu ƙuri'a a New Zealand.

Amma ni inda ya fi tsaya min a rai Jamus ne. Ranar 23 ga Maris 1933 majalisa ce da kanta ta miƙa wa Hitler ikon yin doka ba sai ya bi ta kanta ba, ƙuri'a 444 da 94, bayan an kame 'yan kwaminis wasu sun ɓuya, ga 'yan bangarsa cike da zauren suna zare ido. A takarda kam an kaɗa ƙuri'a, an ƙirga, wa zai ce ba doka ba ce?

Shi ya sa da Jamus ta Yamma ta zo rubuta sabon kundin tsarin mulki a 1949 ta sa wasu ginshiƙai kamar mutuncin ɗan Adam da ko duk majalisa ta haɗa baki ba ta isa ta goge su ba, a 1951 kuma aka buɗe kotun tsarin mulki a Karlsruhe wadda ke iya soke dokar da majalisa ta yi.