Saniyar da aka bari a baya ita namun daji ke nema

'Yan'uwana makiyaya, a cikin 'yan watannin nan an sha kirana in duba saniyar da namun daji suka kashe ko suka ji wa rauni, kuma kusan duk inda na je labarin ɗaya ne. Idan na tambayi inda ta kwana, sai mai ita ya sunkuyar da kai ya ce ɗingishi take yi, ta kasa bin garke, shi ya sa aka bar ta a bakin mashaya da niyyar a koma a koro ta da safe. Da safen kuwa ƙaho ake tararwa da ɗan guntun fata. Na gaji da jin wannan magana ta "gobe da safe", domin ita ce take cinye muku dukiya.

Ku da kuka tashi a daji kun fi ni sanin zaki, amma bari in tuna muku yadda yake aikinsa. Zaki ba mai dogon gudu ba ne, nan da nan yake gajiya, don haka sanɗa yake yi cikin duhu har ya matso kusa sosai, kamar taku talatin ko ƙasa da haka, sannan ya zabura. Zakanya yawanci ba ta fi kilo 130 ko 150 ba, amma idan suka haɗu sukan kayar da ɓauna mai kilo fiye da 500. Wata ta ɗare mata a ƙugu ta kafa farce, nauyinta ya sa dabbar ta durƙushe, wata kuma ta kama maƙogwaro ko ta rufe baki da hanci gaba ɗaya, ta riƙe har numfashi ya ɗauke. Duk da wannan ƙarfi, masu binciken da suka bi zakuna a dajin Sarangeti na Tanzaniya sun ga cewa a cikin farauta uku da ƙyar ɗaya take yin nasara, kuma ɓauna takan soke zaki da ƙaho. Saboda haka zaɓe yake yi: gurguwa, mai tsohon ciki, maraƙi, ko wadda ta ware ita kaɗai. Wanda ya bar saniyarsa mai ɗingishi a daji ya riga ya yi wa zaki zaɓen da hannunsa.

Kura ta fi ba ni tsoro, domin an raina ta, ana cewa mushe kawai take ci. Binciken da masanin dabbobi Hans Kruuk ya yi a dajin Ngorongoro na Tanzaniya a shekarun 1960 ya nuna cewa yawancin abin da kura mai dabbare-dabbare take ci ita take kashe abinta. Ba ta dogara da sanɗa. Takan kutsa cikin garke ta tarwatsa shi, ta lura da wadda ƙafarta ba ta ɗaukarta, sannan ta bi ta kilomita da dama, tana iya kai gudun kilomita 60 a awa, tana cizon cinya da ciki har dabbar ta faɗi, ta fara ci tun da sauran rai. Na taɓa samun wata saniya mai shayarwa a tsaye da safe tana rawar jiki, an yage mata hantsa, wutsiya babu, ƙudaje sun rufe raunin. Babu abin da zan ɗinka, sai wuƙa. Mai ita yana hawaye, ni ma raina ya ɓaci, amma ban ɓoye masa ba cewa ciwon kofato ne ya sa ya bar ta, ciwon da zan iya yi wa magani da ya kira ni tun farko.

A Botsuwana an gwada zana idanu biyu a gindin shanu, kuma cikin shekara huɗu babu ko ɗaya da aka kashe daga cikin 683 da aka yi wa zanen, domin mai kwanton ɓauna yakan fasa idan ya zaci an gan shi. To, idan idon fenti ya yi wannan aiki, ina ga idon makiyayi da yake tsaye kusa da dabbarsa? Na san gajiyar yamma, na san nisan hanya da ƙarancin masu taimako, amma haba, jama'a, kada ku ƙara juya wa saniya baya a daji don rana ta faɗi.

Ku ƙirga garke kafin magariba, tun da sauran haske. Ku sa masu rauni da maruƙa a gaba, babban mutum ya biyo baya, kada a bar wa yaro wannan aiki. Wadda ba za ta iya tafiya ba, kada ta fita kiwo tun da safe, a kai mata ciyawa da ruwa cikin shinge. Idan ta kwanta a hanya, mutum biyu su kwana wurinta da wuta da fitila da kare. Ku toshe kafofin shinge ta ƙasa, don ta nan kura take shiga, ku binne mushe nesa da makwancin shanu. Ranar da kuka fara ganin ɗingishi, ranar za ku kira ni.