Wadi Disa da dokar muhalli: abin da mai shirin kashta (fita shaƙatawa a daji) ya kamata ya sani

Da sanyi ya shigo, 'yan'uwanmu na Madina da Jidda kan haɗa kuɗin mai su nufi arewa, kuma sunan da ake yawan ji yanzu shi ne Wadi Disa, a lardin Tabuka. Kwazazzabo ne mai tsawo tsakanin jajayen duwatsu, ruwa na gudana a ƙasansa, ga dabino, ga dogayen ciyayi har suna shafar gilashin mota. Sai dai da yawa ba su san cewa wurin yana cikin gandun Yarima Muhammad bin Salman ba, ɗaya daga gandayen sarauta da aka kafa a 2018. Dokar muhalli ta 2020 tana aiki a can, kuma akwai rundunar tsaron muhalli ta musamman, ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, mai kama masu karya ta.

Inda mutanenmu za su fi faɗawa shi ne batun itace. A gida mun saba, in an yada zango yaro zai tsinto ƙirare, a hura wuta, a ɗora shayi, a gasa nama. A nan wannan laifi ne. Sare bishiya na iya jawo tarar da ta kai Riyal 20,000 a kan kowace guda. Safara ko sayar da itace da gawayin cikin ƙasa kuwa tararsa ta kai Riyal 16,000 a kan kowace kubik mita, wato tarin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗaya ne. Kada mutum ya ruɗi kansa da cewa ai busasshen reshe ne ya ɗauko a ƙasa. Jami'in da ya buɗe bayan mota itacen cikin ƙasa zai gani.

Ni ina ganin wannan hukunci ya dace. Bishiyar samur da danginta masu ƙaya suna shekaru masu yawa kafin su yi inuwa, a ƙasar da ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Saiwarsu ke riƙe ƙasa, a gindinsu dabbobi ke fakewa. Wanda ya ga yadda hamada ta cinye gonaki a arewacin Najeriya da Nijar bayan an sassare itatuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Mafita kuma mai sauƙi ce: gawayi da itacen da aka shigo da su daga waje halal ne, ana sayar da su a buhu a shaguna. A bar su cikin buhunsu mai tambari, ko a tafi da ƙaramar tukunyar gas.

Ita kanta wutar tana da ƙa'ida. Kunna ta a inda ba a keɓe ba cikin dazuzzuka da wuraren shaƙatawa na hukuma tararsa ta kai Riyal 3,000. A hura ta cikin murhun ƙarfe, a kashe ta da ruwa, a kwashe tokar tare da leda da robobin ruwa. Farauta an hana ta a cikin gandun. Zanen Nabaɗawa, mutanen da suka zauna a yankin a zamanin da, wanda ke jikin duwatsu, kayan tarihi ne da wata doka daban ke karewa, saboda haka kada a bar yara su kankare sunayensu a gefensa.

Direbobi, wannan taku ce. Tsallaka kwari lokacin da ruwa ke kwarara laifin hanya ne, tararsa daga Riyal 5,000 zuwa 10,000, kuma kan mai riƙe da sitiyari take faɗawa ko da maigida ne ya ce a wuce. Ruwan da ya sauka a kan duwatsu nesa yana iya cika kwazazzabo alhali sama garau take a inda kuke. Shi ya sa ba a kafa tanti a tsakiyar kwari, kuma a duba sanarwar hukumar hasashen yanayi kafin a bar gida.

Kowane gandu da tsarinsa na shiga da kwana, don haka a tuntuɓi hukumar gandun tun kafin tafiya. Wanda ya ga ana sare itace ko farauta a lardin Tabuka zai iya kiran 999 ko 996. A Makka, Madina, Riyad da lardin Gabas lambar ita ce 911.