Gajiyar aiki a tsakanin malaman makaranta a Saudiyya lokacin korona

Gajiyar aiki yanayi ne da ke kama ma'aikaci idan matsin aiki ya daɗe a kansa babu sassauci. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a ICD-11, kundinta na rarraba cututtuka, a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki. Alamominta uku ne: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga ran mutum, da ganin cewa ƙoƙarinsa ba ya tsinana komai.

A Saudiyya, Ma'aikatar Ilimi ta rufe makarantu daga 9 ga Maris 2020 saboda annobar korona. Da farko an dogara da tashoshin talabijin na ilimi na Ein wajen koyarwa, sai a Agustan shekarar aka buɗe dandalin karatu ta intanet mai suna Madrasati, wanda ke haɗe da manhajar taro ta bidiyo ta Microsoft Teams. Malamin da ya shekara ashirin da allo da alli ya wayi gari yana koyon ɗora darasi a intanet, yana kiran suna ga yaran da ba ya ganin fuskokinsu. Ya jefa tambaya, shiru. Bai sani ba ko yaron na saurare ko barci ya kwashe shi.

Nauyin ya fi fitowa fili a tsarin lokaci. A lokacin, 'yan sakandare suna karatu da safe, 'yan firamare kuma da yamma, domin iyaye su samu zama da su bayan tashi daga aiki. Tsarin ya taimaki iyaye da dama, amma malamar da ita ma uwa ce ta sha wuya ƙwarai. Idan 'yan sakandare take koyarwa, tana rufe ajinta sai ta koma malamar 'ya'yanta ƙanana har magariba. Idan ta firamare ce, lokacin darasinta ne lokacin da 'ya'yanta suke buƙatarta a gefensu. Bayan isha'i kuma ga saƙonnin iyaye a WhatsApp, ga gyaran aikin gida. Gida ya zama aji, babu ƙararrawar tashi.

Hausawan Makka, Madina da Jidda, waɗanda da yawansu jikokin mahajjata ne da suka zauna tun da daɗewa, wannan hali ya shafe su ta fuska biyu, domin akwai malamai a cikinsu, akwai iyayen yara. A gidan da yara suka yi yawa, na'ura ɗaya kan zagaya tsakanin ya da ƙane, malami kuma shi ke bin sawun wanda bai shigo darasi ba. Wannan ɗawainiya ba ta cikin jadawali, kuma ya kamata a lissafa ta cikin aikin da malaman suka yi.

'Yan sakandaren da suka yi rigakafi sun koma aji a ƙarshen Agustan 2021. 'Yan firamare da na renon yara ba su koma ba sai 23 ga Janairu 2022, wato malamansu sun kusa shekara biyu suna koyarwa daga nesa.