Me ya sa masu gasar harbin nesa suke ɗura harsashinsu da hannu?

A Amurka, Kanada, Ingila da Ostireliya akwai gasar harbi da ake kira F-Class, wadda George Farquharson ɗan Kanada ya assasa. Ana kwanciya rub da ciki a harbi allo daga nisan da kan kai yadi 1000. Mafi yawan ƙwararrun wannan gasa ba sa dogara da harsashin kanti, su ne ke haɗa nasu.

Mene ne harsashin kamfani ya gaza yi?

Kamfani na yin harsashi ne domin ya shiga kowace bindiga mai wannan awon, bisa ƙa'idar hukumar SAAMI a Amurka ko CIP a Turai, don haka dole ya bar sarari. Mai ɗura nasa kuwa bindiga ɗaya tak yake yi wa aiki, kamar telan da ya auna mutum kafin ya yanka yadi. Ba ƙarfi yake nema ba. Abin da yake nema shi ne harsashi na ashirin ya fita daidai yadda na farko ya fita.

Dalili kuwa lissafi ne. A yadi 1000, da'irar tsakiya ta allon F-Class faɗinta inci 5 ne, mai bi mata mai maki goma inci 10. Ƙwayar (wato ɓangaren da ke tashi idan an harba) wani awon harsashi da ake kira .308 Winchester mai nauyin giren 175 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne) da ta bar bututu da gudun ƙafa 2600 a daƙiƙa tana faɗuwa sama da ƙafa 30 kafin ta isa can. Idan gudun harbi biyu ya bambanta da ƙafa 30 a daƙiƙa kacal, tazarar da ke tsakaninsu sama da ƙasa za ta kai wajen inci 10. A yadi 100 ba za ka ma ga bambancin ba. Shi ya sa masu gasa ke auna gudu da na'ura, suna neman kaucewar da ba ta wuce ƙafa 10 a daƙiƙa daga matsakaici ba.

Sassan harsashi nawa ne, kuma wanne ya fi cin lokaci?

Huɗu ne: kwanso, albarushi, ƙwaya, da firama, wato ɗan maɓallin gindin kwanso da ke tada wuta. Baƙo kan ɗauka albarushi ne ke cin lokaci, alhali kwanso ne.

Duk harbi kwanso na kumbura ya cika ɗakin bindiga, sai a matse shi a cikin mazubi ya koma awo. A nan ake yawan ɓata aiki. Abin da ake so shi ne a tura kafaɗar kwanson baya da kimanin inci 0.002. Idan aka zarce, kwanson zai riƙa miƙewa a kowane harbi, jikinsa ya sirance kusa da gindi, har wata rana ya rabe biyu iskar wuta ta dawo wa mai harbi. Alamarsa wani siririn zobe ne mai ƙyalli da ke bayyana sama da gindin. Kwanson da ya nuna haka jefar da shi ake yi, ba a lallaɓa shi.

Tsawo ma na ƙaruwa. Na .308 iyakarsa inci 2.015, ana datse shi ya koma 2.005. Wanda ya wuce iyaka bakinsa kan cushe a maƙogwaron bututu, wato farkonsa daga ɗakin bindiga, ya danne ƙwaya, matsin wuta ya haura.

Sai wuya. Riƙon da wuyan kwanso ke yi wa ƙwaya dole ya zama iri ɗaya a duka, yawanci ana barin wuyan ya fi ƙwayar matsewa da inci 0.002. Amma tagulla na taurara idan aka yi ta matsawa, riƙon ya riƙa canzawa, daga baya wuyan ya tsage. Maganinsa gasa wuya da kafaɗa da zafi daidai gwargwado domin su yi laushi. Gindi kam ba a yarda zafi ya kai shi, domin taurinsa ne ke riƙe matsin da a .308 kan kai fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci.

Nawa ake zuba albarushi?

Wannan ba a ɗaukarsa daga bakin aboki ko daga intanet. Kamfanonin da ke yin albarushi da ƙwaya, irin su Hodgdon, Vihtavuori, Sierra da Hornady, suna buga awon da suka gwada da na'urar auna matsi, ga kowane nau'in albarushi da kowane nauyin ƙwaya. Ana farawa daga awon farko da suka bayar, a hau kaɗan-kaɗan, ba a ƙetare iyakar sama. Giren ɗaya gram 0.0648 ne, masu gasa kuma kan auna har kashi ɗaya cikin goma na giren ko ƙasa da haka. Da zarar an canza ko da abu ɗaya, firama ne ko kwanson wani kamfani, sai a sauko a sake hawa.

Kuskure mafi muni shi ne rikita albarushi. Na ƙaramar bindigar hannu yana ci da sauri ƙwarai, idan aka cika kwanson doguwar bindiga da shi bindigar fashewa take yi. Don haka gwangwani ɗaya kawai ake ajiyewa a kan tebur lokacin aiki.

Ta yaya ake gane matsi ya yi yawa?

Hannun da ake buɗe ɗakin bindiga da shi ya yi nauyin buɗewa, firama ta baje ko ta fita daga raminta, ko a ga tabo mai sheƙi a gindin kwanso. Abin da ya kamata a riƙe shi ne waɗannan alamu kan makara, sau da yawa kafin su fito an riga an wuce iyaka. Gudun da ya zarce wanda kamfanonin suka buga ya fi su saurin faɗar gaskiya. Zafin gari ma na ƙara matsi: awon da ya zauna lafiya da sanyin hunturu na iya zama haɗari idan harsashi ya sha rana.

Zurfin da ake dasa ƙwaya fa?

Ana auna tazarar da ƙwaya za ta yi kafin ta taɓa zanen cikin bututu, wato layukan da ke sa ta juyawa. Da yawa kan fara da inci 0.020. Manna ta da zanen na ƙara matsi, kuma maƙogwaron bututu na cinyewa da yawan harbi, saboda haka awon bara ba lalle ya yi aiki bana ba.

Harbi uku sun taru wuri ɗaya, an dace ke nan?

A'a. Harbi uku sa'a ce kan haɗa su. Mutane da dama na ƙone bututu suna bin bambancin da babu shi. Sai an yi harbi ashirin ko fiye da awo ɗaya kafin a yarda da sakamako. Kuma a nisan yadi 1000, rashin iya karanta iska ya fi zubar da maki fiye da ɗan bambancin awo.

Za a iya yin wannan a Najeriya?

Ba kamar yadda ake yi a Amurka ba. Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi a gaban kansa, mallakarsa ma sai da lasisi, kuma saɓa wa haka laifi ne mai ɗauri. Ƙera harsashi aikin masana'antu ne masu izinin gwamnati, irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964.