Zaɓen irin mangwaro don garkar gida a Maraɗi

Mangwaro, wanda masana tsirrai ke kira Mangifera indica, itace ne da ba ya rabuwa da koren ganye, kuma danginsu ɗaya da kashu. Asalinsa kudancin Asiya ne, wajen Indiya da Bama, bai kuwa bazu a Afirka ta Yamma ba sai a ƙarni na 19. A jihar Maraɗi ana ganinsa a tsakar gidaje da lambuna, amma ya fi samun wurin zama a fadamar Gulbin Maraɗi, daga wajen Madarumfa da Jiratawa zuwa Tibiri, inda ruwan ƙasa bai yi nisa ba.

Ruwan sama a wannan yanki yakan tsaya tsakanin milimita 400 zuwa 600 a shekara, kusan dukansa daga Yuni zuwa Satumba. Mangwaro kuwa da hunturu yake fure, ƴaƴansa su ƙosa da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ƙasa ta bushe ƙamas. Shi ya sa ba daɗin da aka ji a kasuwa ne ya kamata ya ja ragamar zaɓen iri ba. Ruwan da mai gida zai iya bayarwa da rani, da faɗin filinsa, da watan da itacen zai nuna, su ne a gaba.

Na gargajiya da mai aure

Mangwaron gargajiya shi ne ƙaramin nan mai zare da babban ƙwallo, wanda ake shuka ƙwallonsa kai tsaye. Galibi ƙwallo ɗaya yakan fito da tsiro fiye da ɗaya, kuma yawancinsu sukan ɗauko uwarsu sak. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai, yana jure ƙishi, yana ba da inuwa mai kauri. Sai dai yakan kai shekara 5 zuwa 8 kafin ya fara haihuwa, kuma in ya girma yakan rufe rabin gida.

Manyan irin da ba su da zare ba haka suke ba. Wanda ya sha irin da ake kira Kent ya ji daɗi, ya binne ƙwallon a bayan ɗaki, itacen da zai fito ba Kent ba ne. Wani sabon abu ne, mai yiwuwa mai tsami ko mai zare, kuma ba za a sani ba sai bayan an yi shekaru ana ban ruwa. Maganin wannan shi ne aure: a yanko reshen irin da ake so, a haɗa shi da gindin mangwaron gargajiya a ɗaure da leda har su kama juna. Gindin ya kawo juriya, reshen ya kawo ƴaƴa masu kyau. Mai aure yakan fara haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4, kuma bai cika yin tsawon na ƙwallo ba.

Irin da aka fi sani

Amélie, wanda a wasu ƙasashen renon Faransa ake kira Gouverneur, yana cikin masu nuna da wuri, tun wajen Maris da Afrilu. Ɓawonsa kore ne da kan ɗan yi rawaya, tsokarsa launin lemu mai laushi, da ɗan tsami-tsami mai daɗi. Ya daɗe yana hannun manoman Mali da Burkina Faso, kuma ya saba da busasshiyar ƙasa. Ga garkar gida a Maraɗi, da wuya a sami wanda ya fi shi dacewa, domin yakan gama nuna kafin ƙudan mangwaro ya yi ƙarfi.

Kent da Keitt daga jihar Fulorida ta Amurka suka fito. Kent babba ne mai kumatu ja, nauyinsa daga rabin kilo zuwa sama, zaƙinsa cikakke, ƙwallonsa ƙarami. Shi ne kan gaba cikin mangwaron da Afirka ta Yamma ke kaiwa Turai. Itacensa yana girma sosai, yana kuma son ruwa a kai a kai lokacin da ƴaƴa ke ƙosawa. A jigawar da ban ruwa ke yankewa, sai ya zubar da ƴaƴa tun suna ƙanana. Keitt ya fi shi jinkiri, yakan kai farkon damina, ɗa ɗaya kan kai kilo guda. Mutane da yawa sukan bar shi ya wuce lokaci a sama saboda ɓawonsa kan zauna kore ko da ya ƙosa. Irin da ake kira Brooks ma sai ƙarshen lokacin mangwaro yake nuna.

Julie, ɗan tsibiran Karebiyan, ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi. Itacensa gajere ne mai jinkirin girma, ƴaƴansa ƙanana masu ɗan faɗi da ƙamshi mai ƙarfi. Ba ya jure doguwar tafiya a mota, don haka ƴan kasuwa ba su damu da shi ba, amma gidan da filinsa bai wuce ƴan taku ba tsakanin ɗaki da katanga, shi ne nasa.

Akwai kuma sunayen kasuwa irin su Binta Suga da Fafaranda, waɗanda suka saba shigowa da mangwaron Najeriya ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Irin waɗannan sunaye sukan sauya daga gari zuwa gari, abin da ake kira da suna ɗaya a kasuwa biyu ba lalle ya zama iri ɗaya ba. Mai sayen dashe ya fi samun tabbas in ya nemi a nuna masa uwar da aka yanko reshen daga jikinta, ko ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji da na cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna.

Ƙudan mangwaro

Wannan ƙwaro shi ne dalilin da ya sa watan nuna ke da muhimmanci. Macen takan huda ɓawo ta zuba ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta cinye tsoka daga ciki. Daga waje ɗan ɗigo baƙi kawai za a gani, sai an yanka a tarar da ruɓa. Nau'in da ya fi ɓarna, Bactrocera dorsalis, daga Asiya ya zo. An fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin ƴan shekaru ya mamaye Afirka ta Yamma. Yana ƙaruwa da saukar ruwan farko, don haka Keitt da Brooks suka fi shan wahalarsa. Wanda ya zaɓe su sai ya ɗaura ɗamarar tsince duk ɗan da ya faɗo, ya binne shi da zurfi ko ya ƙulle shi cikin baƙar leda ya ajiye a rana, don kada tsutsar ta shige ƙasa ta dawo ƙuda.

Sayen dashe da dasawa

Dashe mai kyau ana gane shi daga wurin auren: tabon ya warke, babu tsagewa ko ƙaro mai tsatsowa, kuma reshen sama ya yi sabon toho. In ledar ta tsufa har saiwa ta nannaɗe a ciki, gara a bar shi. Farkon damina ake dasawa, cikin rami mai faɗi da zurfin kamar santimita 80, a cakuɗa ƙasar da takin gida wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kiran gara. Wurin auren ya zauna sama da ƙasa. Manyan iri suna bukatar tazarar mita 8 zuwa 10, a kuma nisanta su da katanga da masai. Mangwaro ba ya shiri da ruwa mai kanwa ko gishiri; alamar ita ce bakin ganye ya riƙa ƙonewa.

Shekara biyu zuwa uku na farko ban ruwan rani wajibi ne, haka ma shinge saboda awaki. Furen da dashe ya yi a shekarar farko ana cire shi don itacen ya yi ƙarfi. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren kuwa na gindin gargajiya ne, ya kuma fi reshen sama kuzari. In ba a yanke shi da wuri ba zai rinjaye shi, mai gida ya wayi gari da mangwaro mai zare a inda ya dasa Kent.